Tabarau Don Masu Nutso a Rijiya

Da wuya zangon karatu ya ƙare wasunku ɗaliban jami'a ba su sauko daga Samaru sun zo shagon nan da zane a cikin waya ba. Ku nuna mini hoton tabarau na shiga ruwa, ko hular kwano, ko safar hannu ta masu walda, wanda wani a wata ƙasa ya ƙirƙira har aka yi masa takardar mallaka, ku ce, "Baba Garba, irin wannan muke so ka haɗa mana, ai roba ce da gilashi kawai." Ba na jin haushinku, don ni ma da farko haka na ɗauka. Amma tun da yau kun sami benci kun zauna, bari in ba ku labarin yadda na koyi aikin nan, ku ji abin da ke cikinsa.

Aikin farko da aka ba ni shi ne share ɓarɓashin gilashi. Mahaifina ne ya kai ni wurin Oga Titus, wani mai yankan gilashin taga a bayan unguwar PZ. Iyayensa daga Kudu suka zo, amma shi a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta kakana. Mutum ne marar yawan magana. Na daɗe ina shara da ɗauko kaya kafin ya bari in taɓa abin yanka, wannan ɗan ƙarfen mai kamar alƙalami da ake ce wa dayaman. Ranar da ya miƙo mini shi, bai koya mini yanka ba. Sai ya ɗaga gilashi ya sa shi tsakanina da rana, ya ce, "Garba, me ka gani?" Na ce ban ga komai ba. Ya ɗan karkata shi. Sai ga wata tsaga siririya kamar gashi a gefe. Ya danna da babban yatsa kaɗan, gilashin ya rabu biyu a hannunsa, jini ya biyo tafinsa. Ya goge da tsumma, ya ce, "Wannan hannu ne, zai warke. Ka tuna akwai wuraren da ba sa warkewa."

Wani mai walda ne ya nuna mini wurin da yake nufi. Shagonsa yana layinmu. Wata rana yana goge bakin ƙarfe da inji, ba komai a fuskarsa, sai ɗan tsinken ƙarfe ya tashi ya shige masa ido. Ya taho wurinmu a guje, hannu ɗaya a fuska, don Oga Titus ne mai babur a layin. Ni na hau baya na riƙe shi har asibiti. Duk hanya yana ta tambayata ko idon yana nan. Na ce masa yana nan. Ban duba ba. An ciro ƙarfen, amma idon bai ƙara ganin komai ba sai fari.

Daga wannan makon Oga Titus ya fara yanka wa masu walda baƙin gilashi, ni kuma ya bar mini haɗa abin da zai riƙe shi a fuska. Kayan aikin da kuke gani a teburin nan tun lokacin suka fara taruwa: almakashi babba na yankan tiyub ɗin mota, magagari, zarto mai ƙananan haƙora, filaya, gam mai kama roba, basilla da zaren jima. Tiyub ɗin ma ba kowanne ba. Wanda ya sha rana ya bushe, idan ka ja shi za ka ga ƙananan tsaga a jikinsa, ba ya shiga shagona. Na babbar mota nake nema, mai kauri, wanda idan ka naɗe shi ka saki zai koma yadda yake. Da Oga Titus ya tsufa ya koma gida wurin 'ya'yansa, sai ya bar mini teburin, ni kuma na bar yankan taga na riƙe kayan kare jiki. Masu walda, masu fasa dutse, masu feshin gona, masu fenti, duk nan suke zuwa.

Ranar da Sale ya fara shigowa shagon nan, da busasshiyar laka a ƙafarsa ya shigo. Sale mai yasar rijiya ne daga unguwar Jama'a, gajere, mai faɗin ƙirji. Idan guga ya faɗa, ko sumo, wannan injin da ake zurawa cikin ruwa yana turo shi sama, ko akuya, ko abin da ya fi akuya, shi ake kira. Ya ce mini shekara da shekaru da lalube yake aiki a ƙarƙashin ruwa, idonsa a rufe, har waya ta taɓa yanke masa yatsa. Yana so ya riƙa gani. Ya ce, "Malam Garba, yadda kake yi wa masu walda, ka yi mini mai farin gilashi wanda ruwa ba zai shiga ba."

Na yanka gilashi biyu masu kauri, na goge bakinsu, na dasa kowanne a cikin zoben roba, na haɗa da maɗauri. Na cika duro da ruwa na tsoma kaina, ruwa bai shiga ba. Na ba shi ina jin daɗin aikina.

Kwana kaɗan bayan haka ya dawo da yamma, wani yana riƙe da hannunsa. Sale ya cire rawanin da ya rufe fuska da shi. Farin idonsa duka biyu ya zama ja, ba ja irin na mai ciwon ido ba, jan jini sosai, kamar an yanka abu. Fatar da ke kewaye ta kumbura ta yi baƙi. Ya ce da ya yi nisa cikin ruwan sai ya ji kamar ana tsotse idanunsa waje, yana ƙara nutsewa ana ƙara ja. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Zan makance ne?" Na rufe shago muka tafi asibiti. Likita ya ce jijiyoyi ƙanana ne suka fashe, jinin zai janye da kansa, amma kada ya kuskura ya ƙara sa abin. Makwannin da jinin yake janyewa, kullum sai na bi ta Jama'a kafin in buɗe shago, in tsaya daga nesa in ɗaga yatsu ya faɗa mini nawa ne.

Ban gane abin da ya faru ba sai da wata injiniya mai koyarwa a Samaru, Malama Rakiya, ta kawo mini gyaran tabarau na ɗalibanta da suke sawa a ɗakin gwaje-gwaje. Ta ga na Sale a rataye a ƙusa, ta tambaya, na ba ta labari. Ta ɗauki abin ta jujjuya, ta ce, "Baba, ba gilashinka ne ya yi masa illa ba, iskar da ke ciki ce." Ta bayyana mini cewa ruwa yana da nauyi, kana ƙara nisa yana ƙara danna ka. Iskar da ta maƙale tsakanin ido da gilashi sai ta tsuke, tabarau ɗin ya koma kamar ƙahon wanzami a kan ido. Maganin shi ne hanci ya shiga cikin abin, don mai nutso ya riƙa hura iska kaɗan kaɗan yana cike wurin.

Da ta dawo karɓar aikinta, ta zo mini da zane a takarda. Wani mutum ne a ƙasar waje ya ƙirƙiri abin tun kafin a haife ni, aka yi masa takardar mallaka. Gilashi ɗaya ne babba mai rufe ido biyu da hanci, an zana shi ta gaba, ta gefe, da ta ciki, kowane ɓangare da lambarsa. Na ce mata to ai na wani ne, kada a kama ni. Ta yi dariya ta ce irin wannan takarda wa'adi gare ta, idan ya cika kowa yana iya yin abin, dalilin rubuta shi filla-filla ma ke nan. Ita ce kuma ta hana ni sa gilashin taga. Ta ce idan ya fashe a fuska wuƙaƙe yake zama. Ta kai ni wurin masu yin allon talla ta nuna mini wata farar roba mai garau kamar gilashi, iri biyu, ɗaya tana tsagewa idan an buga, ɗayar ko da guduma sai dai ta lotsa. Ta biyun ta fi tsada kuma ta fi wuyar samu. Ita nake sawa har yau.

Na farko da na haɗa a kan wannan zane, Sale ya ƙi karɓa. Ya ce, "Duro ba rijiya ba ne, Malam Garba. Idan ka yarda da shi, kai ka fara shiga." Ni kuwa ban iya ruwa ba. Ko rafi ban taɓa shiga ya wuce gwiwata ba. Amma na ga idon mutumin nan, ba ni da bakin cewa a'a.

Ya kai ni wata tsohuwar rijiya da ke bayan gidansu. Ya fara zura fitilar ƙwai da igiya har kusa da ruwan, ya ga ba ta mutu ba, ya ce iskar ciki tana da kyau. Ya ɗaura mini igiya a ƙirji, shi da maƙwabtansa suka riƙe. Ina sauka ina saka ƙafa a ramukan da aka sassaƙa a bango, hasken sama yana ƙanƙancewa, muryoyinsu suna nisa. Bangon yana da santsi da sanyi, wani abu ya bi ta kan hannuna ban san ko mene ne ba. Da ƙafata ta taɓa ruwan sai da numfashina ya ɗauke. Sale ya leƙo ya ce in ja iska in saki bango. Na yi kalmar shahada na saki. Ruwan ya rufe kaina. Kunnena ya fara zafi, abin ya fara manne mini a fuska yana jan idona, daidai yadda Sale ya faɗa. Na kusa fizge shi. Sai na tuna na hura iska ta hanci, nan take ya sake ni. Na buɗe ido sosai. Na ga hannuna, na ga duwatsun bango, na ga wani tsohon guga a kwance can ƙasa. Na ja igiya suka fito da ni. Na zauna a bakin rijiyar haƙorana suna haɗuwa, ban iya tashi ba har aka kira la'asar. Sale ya cire abin daga fuskata ya sa a tasa. Tun daga ranar babu tabarau na ruwa da ya fita daga shagon nan ban shiga da shi rijiya da kaina ba. Kuma ban taɓa sabawa ba. Duk shiga kamar ta farko ce.

Masu yasar rijiya suka fara zuwa, sai masu ɗibar yashi a rafi, sai masunta daga wajen madatsar ruwa. Wani masunci ne ya ba ni labarin yadda maɗaurin ya maƙale a raga ya riƙe masa kai a ƙarƙashin ruwa. Na zauna na yi ta gwadawa har na samo wani ɗauri da ake warwarewa da ja ɗaya, ko da hannu ɗaya ne ya rage wa mutum. Malama Rakiya ta gani ta ce ba ta taɓa ganin irinsa a cikin zane-zanen da ta bincika ba. Ita ta zana shi, ta rubuta bayanin, ta yi ta zirga-zirga har aka yi mini rajista. Ga takardar can a bango. Na yi murna da ita. Amma takarda ba ta zuwa kasuwa ta tsaya a kan tebur ta hana mutum kwaikwayo. Ba a jima ba na fara ganin irin nawa a rataye a rumfuna, baƙar roba iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya, a rabin kuɗi. Na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa da farce. Gilashin taga ne. Na yi wa mai rumfar magana, ya ce shi sari ya yi, bai san wanda ya haɗa ba.

Shekarar da ta fi kowace muni a gare ni damina ce mai ruwa da yawa. Rijiyoyi suka cika suna zubewa ta ciki, katangu suna faɗuwa. Ran nan ana tsaka da ruwan sama bayan azahar, ina gyara maɗaurin tabaran Sale da ya kawo mini, sai ga shi a kan babur ɗin ɗan acaba, ko sauka bai yi ba. Ya ce, "Ɗauko shi ka hau, mutum ne a rijiya a unguwar Jushi." Na ce ban gama ɗinkin ba. Ya ce in ƙarasa a hanya. A bayan babur na ja zaren ƙarshe na ɗaure da haƙori, ruwa yana dukanmu, ban ma ga ko ɗinkin ya zauna daidai ba.

Gidan ya cika da mutane, mata suna kuka a gefe. Wani magidanci ne mai suna Ɗanjuma, mai wasa wuƙaƙe da almakashi a kasuwa. Sumon gidan ne ya tsinke ya faɗa, shi kuma ya ce ba sai an kira kowa ba, ya sayi tabarau zai ɗauko. Na leƙa. Can ƙasa na hango kansa, ya rungume bututun ruwa, ruwan ya kai masa haɓa. Fuskarsa jini ne gaba ɗaya, ruwan da ke kewaye da shi ma ya yi ja. Yana magana amma ba a ji sosai. Wani yayansa ya ce mana yana nutsewa sai gefen rijiyar ya zubo, wani dutse ya bugi fuskarsa, igiyar sumon kuma ta naɗe masa ƙafa. Sun ja shi da tasu igiyar, ya yi ƙara, ba ya tahowa. Ruwan tsakar gida kuma yana ta kwarara ciki ta wata ɓaraka.

Sale ya ce a toshe ɓarakar da buhuna. Ya zura fitila, ta yi kamar za ta mutu sannan ta tsaya. Ya dube ta, ya dube ni. Ya tuɓe riga, ya sa wuƙa a ɗamara, aka ɗaura masa igiya a ƙirji, ya miƙo mini fuskarsa na ɗaura masa tabarau. Ya ce, "Kai za ka riƙe kan igiyar. Ja ɗaya, ka ƙara saki. Ja da yawa, ku fito da ni ko me kuka gani."

Na tsaya a bakin rijiyar, igiya tana bi ta tafina, maza suna riƙe da sauran a bayana. Ƙasar da na taka tana da laushi, ina jin tana motsi. Duk saukar da Sale ya yi sai ƙasa ta ɓalle daga bango ta faɗa kan Ɗanjuma. Da ya isa ruwan, na ga ya dafa kafaɗar mutumin ya yi masa magana a kunne. Lokacin ruwan ya kai leɓensa na ƙasa, ya ɗaga kai sama yana shaƙar iska. Sale ya ja numfashi ya nutse.

Igiya ta yi ta tafiya, sannan ta tsaya. Na ji ja ɗaya, na saki. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Igiyar ta yi sako-sako a hannuna kamar ba kowa a ƙarshenta. Ba abin da nake tunani sai ɗinkin nan na bayan babur. Idan ya warware, ruwan laka zai cika masa ido, ba zai ga igiyar da zai yanka ba, ba zai ga tasa ba, zai iya yanke wadda ke hannuna. Wani a bayana ya ce mu ja. Na ce a'a. Ya sake cewa mu ja, mutum ba ya daɗewa haka. Na ce bai ba da alama ba. Ina kallon ruwan ya rufe bakin Ɗanjuma, sauran hanci.

Sai na ga jikin Ɗanjuma ya taso sama gaba ɗaya, ƙirjinsa ya fito daga ruwa. Bayansa kan Sale ya ɓullo, yana tari yana jan iska da ƙarfi har muna ji daga sama. Tabaran yana nan a fuskarsa. Aka fara jawo Ɗanjuma, sannan Sale. Ƙafarsa ta bar bakin rijiyar ke nan, wani babban ɓangare na bangon ya rufta ciki, ƙasa ta girgiza, muka ja da baya da gudu.

An kwantar da Ɗanjuma a tabarma ana neman mota. Zoben robar yana wuyansa, gilashin ya farfashe, wani tsini yana tsaye a cikin idonsa na hagu. Na ce kada kowa ya taɓa shi sai likita. Muryata ce ta jawo hankalin yayansa. Ya ciro zoben, ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Ba kai ne mai yin wannan abin a Sabon Gari ba?" Na ce ina yin irinsa, amma wannan ba nawa ba ne. Ya ce, "Ga robarka, ga ɗaurinka." Mutane suka fara matsowa. Na ji wani ya riƙe mini riga ta baya. Wani ya ce a rufe ƙofar gida. Na ga wani saurayi ya sunkuya ya ɗauki tubali. Na duba ko'ina ban ga fuskar da na sani ba.

Sale yana zaune a ƙasa bai gama dawo da numfashinsa ba. Ya rarrafo ya shiga tsakani, ya cire nasa tabaran ya ajiye a kan siminti. Ya miƙa hannu ga mai tubalin ya ce, "Ba ni." Ya karɓa ya ɗaga ya maka wa tabaran, ya sake makawa, har tubalin ya rabe. Ya ɗaga abin ya nuna musu. Tabaran ya ƙuje, ya ɗan lotsa, bai fashe ba. Sale ya ce, "Wannan shi ne na Malam Garba. Da shi na ga ƙafar ɗan'uwanku. Ku nemo mota, jini yana zuba." Hannun da ke riƙe da rigata ya saki. Ban san lokacin da na fita daga gidan ba. Na dai tsinci kaina a bakin titi.

Waɗanda suka ga abin da ido kaɗan ne, waɗanda suka ji labari su ne da yawa. Labarin da ya zaga gari shi ne tabaran Garba ya fasa wa mutum ido a Jushi. Har ƙarshen shekarar ba mai nutso ɗaya da ya shigo shagon nan in ban da Sale. Masu walda da na daɗe ina yi wa aiki suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen titi. Wata safiya na tarar an jefi ƙofar shagon da duwatsu. Na koma yankan gilashin taga don a ci abinci a gida. Idan na ji babur ya tsaya a ƙofa da sauri sai gabana ya faɗi. A lokacin ne na sa maƙeri ya yi mini ƙarfe mai alamata, nake ƙona ta a jikin kowace roba, don a daina haɗa nawa da na wasu.

Bayan damina ta wuce, ina yanka gilashi da hantsi, sai mutum ya yi sallama. Na ɗago. Ɗanjuma ne, ya rame, fatar idonsa na hagu ta rufe ta shige ciki, tabo ya bi ta kan girarsa har kumatu. Na ajiye dayaman a hankali, na duba ko da wasu a bayansa. Shi kaɗai ne. Na ba shi benci ya zauna. Muka gaisa, na yi masa jaje, ya amsa. Ya daɗe yana kallon kayan da ke rataye. Sannan ya ce ya koma bakin aikinsa, amma duk lokacin da ya kanga wuƙa a dutsen wasa tartsatsi ya tashi, sai hannunsa ya kama rawa ya kasa ci gaba. Ya ce, "Malam Garba, ɗaya ya rage mini. Da shi nake ciyar da yara. Ka yi mini abin da zai tsare shi."

Na ɗauko zare don in gwada faɗin fuskarsa. Sai da na goge hannuna a riga sau da yawa kafin na iya kai shi kusa da tabon. Ya rufe ido har na gama. Na zaɓi roba mafi kauri da nake da ita, na yanka, na goge bakin, na yi mata kariya ta gefe da ta sama don kada wani abu ya shiga ta kusurwa. Kwana da kwanaki na yi a kan aikin da na saba gamawa a wuni ɗaya. Ranar da ya zo karɓa, na ajiye shi a kan tebur na miƙa masa guduma. Ya ce ba sai ya gwada ba. Na ce sai ya gwada. Ya buga a hankali. Na ce ya ƙara ƙarfi. Ya ɗaga hannu ya buga da gaske, abin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya kai kusa da idonsa yana dubawa ta kowane gefe. Babu tsaga. Na ce wannan ya sha duka, ba shi zan ba ka ba, na buɗe akwati na ciro na biyu da na haɗa tare da shi, na ɗaura masa da hannuna.

Washegari na bi ta kasuwa. Na tsaya a bayan wata rumfa inda ba zai gan ni ba. Yana taka injinsa, dutse yana juyawa, tartsatsi yana tashi yana bugun robar yana faɗuwa. Hannunsa bai yi rawa ba. Ya gama wuƙar, ya gwada kaifinta a farce, ya miƙa wa mai ita, ya ɗauki ta gaba.